Shawara: Ɗana Ya Samu Gurbin Karatun Kwamfuta a Jami'ar Kirista

Assalamu alaikum. Ni mazaunin Makka ne, a Shara Mansur. Nan aka haifi 'ya'yana duka, amma fasfo ɗinmu na Najeriya ne, da iƙama muke zaune. Babban ɗana ya gama sanawiyya, wato sakandare, da sakamako mai kyau, bai samu gurbi a jami'ar gwamnati ba, sai ya nema ta intanet. Wata jami'a mai zaman kanta a Amurka ta ɗauke shi digirin farko a fannin kwamfuta da sarrafa bayanai, har ta yafe masa rabin kuɗin makaranta. Da muka duba takardun sai muka ga jami'ar ta wata ɗariƙar Kirista ce, kuma cikin sharuɗɗan kammalawa akwai darussan Baibul da halartar majami'a. Yaron ya ce duk wannan cika takarda ne, shi kwamfuta zai je ya karanta. Baffansa ya ce in na bar shi ya tafi, na sayar da imaninsa a kan rabin kuɗin makaranta. Mahaifiyarsa ba ta ce komai ba sai kuka. Yaya zan yi?

Wani uba, daga Makka

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya raya zuri'a, ya sa wa ƙoƙarin yaron albarka, domin samun gurbi da rangwame daga nesa, ba tare da wani ya tsaya masa ba, shaida ce cewa yana da kai kuma yana da naci.

Abin da na fahimta daga wasiƙarka shi ne ana ta jayayya a gidanka a kan takardar da babu wanda ya karanta ta har ƙarshe. Yaron ya ga sunan fanni da rangwame ya tsaya a nan, baffansa ya ga an ambaci majami'a shi ma ya tsaya a nan, kai kuma an bar ka a tsakiya. Saboda haka kada ka amince, kuma kada ka hana, sai an ɗauko takardu biyu an zauna a kansu. Ɗaya ita ce kundin karatu da kowace jami'a a Amurka take fitarwa duk shekara, wanda yake ƙunshe da kowane darasi da kowane sharaɗi na kammala digiri, kuma bisa al'ada kundin shekarar da ɗalibi ya shiga shi ne yake binsa har ya fita. Ɗayar kuma ita ce littafin dokokin ɗalibai, inda ake rubuta abin da ɗalibi zai sa wa hannu game da aƙida da ɗabi'a da zaman ɗakin kwana. Dukansu biyu suna shafin jami'ar na intanet, kyauta ake sauke su. Takardar gurbin da aka aiko muku taya murna ce kawai, ba a cikinta ake faɗin abin da zai ɗaure yaron shekara huɗu ba.

Sai ka fara fahimtar yadda aka gina digirin kansa, domin a nan ne maganar yaron take da rauni. A Amurka ana auna karatu da abin da suke kira kiredit. Kiredit ɗaya yana nufin kamar awa ɗaya a aji kowane mako, da wajen awa biyu na aikin gida, tsawon zangon karatu na mako 15 ko kusa da haka. Yawancin darussa kiredit 3 ne, digirin farko kuma yakan kai kiredit 120, wasu jami'o'in su ɗora kaɗan a kai. Wanda yake ɗaukar kiredit 15 a kowane zango, zango biyu a shekara, zai gama a shekara huɗu. To amma ba duka 120 ɗin ne kwamfuta ba, sau da yawa ma ba su kai rabi ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku na digirin darussan gama-gari ne da kowa sai ya yi, ko likita zai zama ko akanta: rubutun Turanci, magana a gaban jama'a, tarihi, adabi, lissafi, kimiyya mai ɗakin gwaji. A jami'ar Kirista, darussan Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari da aƙidar Kirista a cikin wannan kason suke zaune, daidai da darasin Turanci da na lissafi. Ana shiga aji, ana rubuta muƙala, ana jarrabawa, makin yana shiga cikin matsakaicin sakamakon ɗalibi, kuma wanda ya faɗi sai ya maimaita. Ko da ya fi kowa iya rubuta manhaja, ba za a ba shi takardar digiri ba muddin darasin Baibul ɗaya ya rage masa. Ka gaya masa wannan a fili: ba cika takarda ba ne.

Amma maganar baffansa ita ma ta yi jimla inda ya kamata a rarrabe, domin jami'o'in da ake kira na Kirista a Amurka ba iri ɗaya ba ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu mai faɗi ce ƙwarai. Akwai irin su Georgetown da ke birnin Washington, wadda 'yan Katolika suka kafa a 1789. Tana wajabta darussan nazarin addini guda biyu, amma ba ta tilasta wa kowa zuwa sujada, kuma tun 1999 ta ɗauki limami Musulmi aiki na cikakken lokaci domin ɗalibanta Musulmi, har tana da reshe a nan maƙwabta, a Doha. Akwai irin su Baylor da ke Waco a jihar Texas, ta ɗariƙar Baftis, wadda aka kafa a 1845. Tana karɓar ɗalibi ko mene ne addininsa, amma tana wajabta darussan addinin Kirista guda biyu da zango biyu na halartar taron majami'a. Sannan akwai irin su Wheaton a jihar Illinois da Biola a Kalifoniya, waɗanda suke sa ran ɗalibin digirin farko ya kasance Kirista ne mai furta imaninsa. A Biola darussan Baibul da tauhidin Kirista kaɗai sukan kai kiredit 30, wato kwatankwacin karatun shekara guda cur. Dokar ƙasar ta ba makarantun addini masu zaman kansu damar kafa irin waɗannan sharuɗɗa, don haka babu inda ɗalibi zai kai ƙara bayan ya sa hannu da kansa.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ko akwai takardar shaidar imani da ake so ya sa wa hannu, ko wasiƙar fasto da ake nema a haɗa da takardunsa. Idan akwai, a ganina magana ta ƙare a nan. Musulmi ba zai sa hannu a kan cewa ya gaskata abin da bai gaskata ba, kuma ko a wajen su masu makarantar yaudara ce, domin sun gina wurin ne don mabiyansu kuma sun faɗi haka ba su ɓoye ba. Ka tambayi yaron da kyau, cikin ruwan sanyi, me ya cike a gurbin addini lokacin da yake nema, kuma ko akwai wani akwati da ya danna alamar amincewa a kansa ba tare da ya karanta ba. Yara suna yin haka a intanet kullum, ba don mugun nufi ba, sai don gaggawa.

Idan babu shaidar imani, sai a koma ga halartar majami'a, wadda ita ce ta tsorata gidanka. A makarantun da suke wajabta ta, yadda abin yake gudana shi ne a tsayar da darussa a wata sa'a ta hantsi, sau ɗaya ko biyu ko uku a mako, ɗalibai su nufi babban zaure, kowa ya goga katinsa na makaranta a na'urar bakin ƙofa ko ya nuna wayarsa, a ƙirga masa zuwa ɗaya. A ciki akwai waƙoƙin yabo da addu'a da wa'azi, wani lokaci kuma lacca ce kawai daga wani baƙo. A ƙarshen zango, wanda lissafinsa bai cika ba, wata makarantar takan ci shi tara, wata ta hana shi rajistar zango na gaba, wata ta riƙe takardar kammalawarsa. Abin da ya kamata a tambaya a rubuce shi ne sau nawa ake zuwa, zango nawa ne wajibi, shin zama kawai ake nema ko sai an shiga cikin waƙa da addu'a, kuma shin akwai madadi ga wanda ba Kirista ba, kamar aikin taimakon jama'a ko zaman tattaunawa. Amsar da ta zo a rubuce daga ofishin kula da harkokin ɗalibai ita za ka riƙe. Ma'aikacin ofishin ɗaukar ɗalibai aikinsa ya cika gurabe, zai yi maka magana mai daɗi ta waya, amma ba shi ne yake ƙirga zuwa majami'a ba.

Hukuncin shari'a a kan zama a wurin ibadar wasu ba tare da shiga cikinta ba, da kuma karanta littafinsu a matsayin darasi, wannan na malamai ne, kuma kai kana garin da malamai ba su yi ƙaranci ba. Sai dai ka je musu da bayani cikakke. Wanda ya ce wa malami ɗana zai tafi makarantar coci, amsa ɗaya zai samu. Wanda ya ce darasi biyu ne na nazari, babu shaidar imani, babu tilas a sujada, akwai masallacin Juma'a kusa, ya ba malamin abin da zai yi fatawa a kansa. Ra'ayina, wanda ra'ayi ne ba fatawa ba, shi ne darasin aji bai kai zaman yau da kullum haɗari ba. Yaro ɗan shekara goma sha takwas, wanda ya tashi yana jin kiran sallar Harami, in aka kai shi ƙaramin gari inda shi kaɗai ne yake tashi da asuba, abokan ɗakinsa da malamansa duk mutanen kirki ne masu son su ga ya karɓi addininsu, abin da ya fi yawan faruwa ba sauya addini ba ne, sakaci ne yake shigowa a hankali, a haɗa azahar da la'asar yau, gobe a bar su duka. Don haka ka duba garin kamar yadda kake duba makarantar: akwai masallaci, tafiyar minti nawa ce, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi da makarantar ta amince da ita ko babu.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba a tunawa da su sai an je. Jadawalin darussa a can yakan kasu ne Litinin da Laraba da Juma'a, minti 50 kowanne, ko Talata da Alhamis, minti 75. Ranar Juma'a ranar karatu ce cikakkiya, ba kamar nan ba, kuma idan darasin da ya zama wajibi ya faɗo ƙarfe ɗaya na rana, kuma aji ɗaya tak ake buɗe masa, to Juma'ar wannan zangon duka ta shiga matsala. Makarantu da yawa suna wajabta wa ɗan shekarar farko kwana a cikin makaranta da biyan kuɗin abincin ɗakin cin abinci, ko ya ci ko bai ci ba, alhali naman alade yana cikin abincin yau da kullum, kuma a watan azumi ana iya rufe wurin kafin a sha ruwa. Duk waɗannan ana iya sasanta su a makarantar da ta saba da Musulmi. A wadda ba ta saba ba, yaron ne zai zama na farko da zai roƙa.

Yanzu ga ɓangaren da babu wanda ya yi magana a kansa a gidanka, alhali shi ne dalilin tafiyar, wato shin karatun kwamfutar kansa ya cancanci wannan kuɗin da wannan fargaba. Fannin da aka ba shi, na kwamfuta da sarrafa bayanai, ɗan'uwan tsantsar kimiyyar kwamfuta ne amma ba shi ba ne. Yawanci yakan haɗa rubuta manhaja da harsuna irin su Python ko Java, da tsara rumbun bayanai da harshen SQL, da sadarwa tsakanin kwamfutoci, da nazarin bukatun ma'aikata a zayyana mata tsarin da ya dace, da tsaron bayanai, sannan a ƙara masa darussan kasuwanci kamar lissafin kuɗi da gudanarwa da ƙididdiga, a rufe da babban aikin kammalawa a shekarar ƙarshe, wani wurin har da horon sanin makamar aiki a kamfani. Lissafinsa ya fi sauƙi. Hukumar ABET, wadda take tantance shirye-shiryen injiniya da kwamfuta, tana neman aƙalla kiredit 40 na kimiyyar kwamfuta da 15 na lissafi kafin ta amince da digirin tsantsar kimiyyar kwamfuta, alhali shirye-shiryen sarrafa bayanai da yawa ba sa zuwa kusa da wannan lissafin. Idan burin yaron ya yi aiki a banki ko asibiti ko kamfani yana kula da tsarinsu, fannin ya dace da shi sosai. Idan kuwa yana hangen digiri na biyu a ƙirƙirarriyar basira ko bincike mai zurfi, ya ƙirga darussan lissafi da na algoridim (dabarun warware matsala mataki-mataki) da ke cikin kundin, domin jami'ar da zai nema daga baya za ta ƙirga.

Ku duba jerin malaman sashen ma. A ƙananan jami'o'i akan samu sashen kwamfuta mai malamai kaɗan, kuma darussan manyan aji ana buɗe su sau ɗaya a shekara, wasu ma sai bayan shekara biyu. Darussan kuma a sarƙe suke: sai an ci rubuta manhaja na ɗaya a shiga na biyu, sai an ci na biyu a shiga tsara bayanai, kuma sassa da yawa ba sa karɓar ƙasa da makin C a darasin fanni. Faɗuwa ɗaya a shekarar farko tana iya jawo ƙarin zango ko ƙarin shekara. Ana kammala digiri da matsakaicin maki 2.0 cikin 4.0 a mafi yawan wurare, amma rangwamen kuɗi yakan zo da nasa sharaɗin da ya fi wannan, kuma yakan tsaya a zango takwas. Ga inda maganar addini da ta kuɗi suke haɗuwa: yaron da Larabci ne harshen karatunsa, wanda bai taɓa buɗe Baibul ba, zai zauna jarrabawa tare da waɗanda suka tashi da shi tun suna yara. Idan makinsa ya sauka a waɗannan darussa, rangwamen ne yake girgiza.

Game da rangwamen kansa, a nemi cikakken lissafin shekara, ba kuɗin karatu kawai ba. Ɗakin kwana, abinci, inshorar lafiya, littattafai da tikitin jirgi yawanci ba sa cikin abin da aka yafe. Ka ninka abin da ya rage da riyal 3.75 a kowace dala, sannan ka ninka sau huɗu, ka ga ko aljihunka zai ɗauka ba tare da an zalunci ƙannensa ba. Kafin makaranta ta ba shi takardar I-20 da ake neman biza da ita, sai ka nuna shaidar kuɗin shekarar farko, kuma mai bizar ɗalibi dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 a kowane zango, aikin da aka yarda ya yi a cikin makaranta kuma bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu, wanda ba zai biya kuɗin makaranta ba. Dokokin bizar Amurka ga masu fasfon ƙasashenmu sun tsananta kuma suna yawan sauyawa, saboda haka kada ka biya kuɗin riƙe gurbi da ba a mayarwa sai ka tabbatar daga ƙaramin ofishin jakadancinsu na Jidda cewa ana bayar da irin bizarsa. Ka kuma tuna da iƙamarsa da bizar fita da dawowa, kada yaro ya je karatu wa'adi ya ƙare masa a waje, ya rasa hanyar komawa garin da aka haife shi.

Sai tantancewa. Ka nemi sunan hukumar da ta amince da jami'ar gaba ɗayanta. Manyan hukumomin da aka fi sani, irin su HLC da SACSCOC da MSCHE, su ne sauran jami'o'i suka fi karɓar kiredit daga makarantunsu. Akwai hukumomin da suka keɓanta ga makarantun addini, kamar TRACS da ABHE, kuma makarantar da su kaɗai ta dogara da su, ɗalibinta yakan sha wahala wajen sauya makaranta ko neman digiri na biyu. Wannan ya shafi dabarar da na san yaron zai kawo maka, cewa zai yi shekara ɗaya ya koma wata jami'a. Ana yin haka, amma sabuwar makarantar ita take zaɓar abin da za ta karɓa, darussan aƙida sau da yawa ba sa cike gurbin komai, rangwamen kuma ba ya bin ɗalibi. Ka duba kuma ko Ma'aikatar Ilimi ta Saudiyya za ta daidaita takardar idan nan zai dawo aiki, ko ta tarayyar Najeriya idan can zai je hidimar ƙasa.

Kada kuma a tattauna kamar wannan ce ƙofa ɗaya da ta rage. Yaron da ya iya samo wannan gurbi zai iya samo wani. Jami'o'in gwamnatocin jihohi a Amurka ba sa wajabta darasin aƙida ko sujada. A nan gida akwai guraben minha, wato tallafin karatu, na cikin ƙasa da ake ware wa 'ya'yan mazauna, Jami'ar Musulunci ta Madina tana da tsangayar kwamfuta da sarrafa bayanai, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Larabawa tana da reshe a Jidda kuma tana koyar da fasahar kwamfuta. Akwai Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa a Malesiya, akwai Bayero a Kano, akwai Jami'ar Amurka da ke Yola wadda take bin irin wancan tsarin kiredit ba tare da sharaɗin addini ba. Jinkirin zango ɗaya don a nemi waɗannan ba asara ba ce, musamman in ya cike lokacin da gyara Turancinsa da lissafinsa.

Yadda za ka tafiyar da gidan kuwa, ka ɗora wa yaron aikin. Shi zai sauke kundin da littafin dokoki, shi zai fitar da kowane darasi na shekara huɗu a takarda, ya ja layi a ƙarƙashin na addini, ya rubuta wa makarantar tambayoyin nan da sunansa, yana mai bayyana cewa shi Musulmi ne mai salla biyar da Juma'a da azumi. Yadda suka amsa wannan wasiƙa zai nuna maka irin zaman da zai yi da su fiye da duk hotunan da ke shafinsu. In amsar ta zo, ka kira baffansa a karanta tare da shi, domin tsoronsa na ƙauna ne kuma yana da haƙƙi a kan yaron, amma ka roƙe shi ya daina maganar sayar da imani a gaban yaro, tana sa shi taurin kai ne kawai. Hajiya kuma ka zauna da ita ku biyu ka tambaye ta abin da take tsoro, wataƙila majami'ar ce, wataƙila nisan ne, kuma in nisan ne to ko jami'ar gwamnati aka samo masa a can kukan bai ƙare ba, sai a yi wannan maganar daban. Bayan haka ku yi istihara. Idan akwai shaidar imani ko tilas a shiga cikin ibada, ka hana, ka faɗa masa dalili, kuma a ranar ku fara cike takardun wata makarantar tare. Idan darussan nazari ne kawai, da masallaci kusa, da tantancewa mai kyau, da kuɗin da za ka iya, sai ka kai wa malami takardun ka ji abin da zai ce.